Ranar da Kaka ta je gaida gari

Jiya a cikin bas wani fasinja ya ƙyasta yatsu biyu, ƙas-ƙas, sai na ji zuciyata ta koma Hartum. Haka kwandastocinmu suke neman kuɗin mota, ba sa buɗe baki. Wannan ƙara ce ta raka mu yini guda, a hutun makaranta na wata bazara, ina 'yar shekara goma sha ɗaya.

Kakata ta wajen uba ta yi sama da shekara sittin a garin, amma in ka cire unguwarmu da kasuwar Suk al-Shabi, inda take sayar da gyaɗa, ba ta san ko'ina ba. Goye aka shigo da ita, iyayenta suna hanyar Makka, suka ce bari su ɗan huta, hutun ya zama zama. A shekarar nan likita ya faɗa wa babana cewa idonta na tafiya, kuma ba mai dawowa ba ne. Dama da rana ta yi sanyi ba ta ganin komai sai inuwa.

Da ta ji, ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi a kai ta ta ga gari: babban cocin bakin kogi, gidan tarihi, sannan ƙubbar Omdurman mai ruwan azurfa, wadda mahaifinta ya ce ita ya fara hangowa da suka iso daga yamma. Baba ya roƙe ta a fara da ƙubbar tunda ita ce mai nisa. Ta ƙi. Kaka ko a kwanon tuwo nama take bari ƙarshe.

Abin da Baba bai lissafa ba shi ne gaisuwa. A wurin Kaka, duk inda aka sa ƙofa gidan wani ne, kuma ba a shiga gidan mutane hannu rabbana. Ta ƙulla gyaɗa da goro a bakin mayafi, ƙulli uku. A coci ta tuɓe takalma tun daga matakala, ta yi sallama, ta tsare mai gadin, wani dattijo ɗan kudu, tana tambayar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya. Shi ma ya sami abokiyar hira, ya aika aka kawo shayi. Ni kunya ta ishe ni, Baba kuwa sai duba agogo yake. Ta shiga ta daɗe tana kallon hasken da ke ratsa gilasai masu launi, ta ce masu ginin nan sun iya.

A gidan tarihi abin ya fi haka. Ta gaida mai tikiti, ta gaida mai shara. Ta zaga manyan gumakan dutse tana tambaya ko nan ne garinsu ko su ma kawo su aka yi. Da muka zo kan wata gawa a cikin gilashi, ta tsaya ta yi mata addu'a, ranta a ɓace, wai bawan Allah shekaru aru-aru ba a rufa masa asiri ba. Bayan mun fito har titi ta tuna ba ta yi wa mai tikiti sallama ba. Muka koma.

La'asar ta same mu a kan gadar ƙetarawa Omdurman, motoci sun cushe, iska mai zafi tana shigowa da warin kogi. Baba ya ce, “Halas, ya isa haka, Inna, mu juya. Wata rana a dawo.”

“Wata ranar da wane ido?” in ji ta. Ta sauka, muka taka sauran gadar a ƙasa, tana riƙe da kafaɗata, kafin muka sami wata motar.

Mun iso rana ta yi ja. Ga ƙubbar a gabanmu, tana sheƙi. Kaka ta ɗaga kai, ta juya dama, ta juya hagu, ta tambaye ni ta ina take. Na ji haushinta a lokacin, haushi sosai, don da ta rage surutu da ta gani. Ita kuwa ta miƙa wa mai gadi ƙulli na uku, ta dafa bango da tafin hannu.

“'Yar nan, ke ki kalla,” ta ce. “Ki kalla da kyau, don zan tambaye ki.”

Ta kuwa tambaya. Shekara shida ta yi a makance, kuma da wuya mako ya wuce ba ta sa na sake faɗa mata ba: tsayinta, ƙananan ƙubbobin da ke gefe, tsuntsayen da ke kai. In na rage wani abu ta kama ni.

Yau yaƙi ya raba mu da garin, 'ya'yana suna girma a wani wuri, kuma ban san me ya rage a wuraren nan ba. Su ma na faɗa musu har sun haddace. Amma ba zan bar su da labari kawai ba. In hanya ta buɗe zan kai su, da gyaɗarmu ƙulli uku, mu gaida duk wanda muka tarar a bakin ƙofa. Sai dai da Omdurman za mu fara, da sassafe.