Papa Anaclet da Waƙar da Ba Ta Son Ganga

Kowace safiya, tun masu akasa, tuwon masarar nan, ba su sauke tukunya ba, Papa Anaclet Hounkpe yana zaune a ƙofar shagonsa na gyaran agogo a Porto-Novo ta ƙasar Benin, gilashi a ido. Sai dai ba agogo yake dubawa ba. Hotunan tsofaffin takardun fata ne, na waƙoƙin ibada da harshen Latin, masu shekaru kusan dubu. Saman kowace kalma akwai ɗan zane kamar sawun kaza. Yakan bi zanen da hannu a iska, ya ɗaga, ya sauke, har ya gano inda muryar mutanen dā ta bi.

Na taɓa tambayarsa, "Papa, wa ya ce maka haka suke rerawa? Ka ji su ne?"

Ya ce, "Ban ji ba, 'yata. Shi ya sa har yau nake tambayarsu."

Mu mawaƙan cocinmu da ganga muka tashi. Wannan tsohuwar waƙa da Papa ke koya mana kuwa ba ta da bugu, numfashi take bi. Da mun fara sai ƙafa ta soma taka ƙasa, kafin ka ce kwabo ta koma ta rawa. Ga shi ranar Juma'a Mai Kyau, da ake tuna mutuwar Yesu, ba a kaɗa ganga, murya ce kaɗai. Bara mun ɓata ta, har Fada, limamin cocinmu, ya ce in aka sake, a ajiye waƙar, karantawa kawai za a riƙa yi.

Wajen gwaji, Maman Honorine, babba a cikin mawaƙanmu, ta ɗora mini laifin. "Perpetue, jijjiga ɗan nan da kike yi ce ke ba mu kiɗa. Bar shi gida mana!"

Jariri mai shan nono, wa zan bar wa? Na gyara goyona zan fita, Papa ya tare ƙofa.

"Haba Maman Honorine, ke da ƙafarki ke rawa tun ba a haifi uwarsa ba? Ku matso." Ya nuna bayan yaron da ke barci. "Numfashinsa yana hawa, yana sauka, ba mai ƙirga masa. Ku bi shi."

Haka muka riƙa gwaji, idanunmu a kan goyona.

Ranar Juma'ar, ana tsakiyar baiti, muryar Papa ta karye. Sai Maman Honorine ta ɗauka daga inda ya tsaya, muka bi ta, ba ƙafar da ta motsa. Da aka tashi, Fada bai ƙara zancen ajiyewa ba.

Papa, kai ne rijiya a bayan shagon agogo. Ka ce muryarka ta gaji, daga yanzu za ka zauna. Zauna, mun gode, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma masu koyarwa, in uwa ta shigo da goyo, ku matsa mata benci. Namu malamin bai ko yi haƙori ba.