Dawar Baba a Gonar Wani

Ko zan manta komai a duniya, ban da shekarar da yayana ya yi wa dawar Babanmu korar kare.

Mu Kiristoci ne, a wani ƙauye kusa da Lakwaya, ƙasar Gwarzo. Baba bai bar mana mota ko gidan bulo ba. Abin da ya bari gona ce mai yashi, da irin dawa kaura da ya gada daga kakanmu. Duk kaka sai a zaɓi manyan zangarnu a rataye saman murhu, hayaƙi ya kore musu ƙwari. Ko damina ta yi kyau ko ta yi gardama, wannan dawa ba ta taɓa barinmu da yunwa ba.

To shi yayana ciwonsa ɗaya ne, idonsa kullum yana kwanon wani. Ko addu'ar safe yake, sai ya karanto wa Ubangiji abin da ya ba maƙwabta, sai ka ce Allah ne ya yi mantuwa wajen rabo. Wata kaka ya je Gammo, ƙasar Kabo, gai da ɗan kawunmu, ya tarar da buhunan masara har rufi. Shi ke nan, bawan Allah ya dawo ba ya ko iya haɗiyar tuwon gidansa.

Da bazara na leƙa daga gidan aurena, na same shi yana fizge zangarnun iri. Na ce, "Yaya, ƙasar da ka gani a can baƙa ce, a bakin ruwa take. Tamu yashi ce fa."

Ya ce, "Ke rufe mini baki! Shi ɗan kawun namu ɗan gatan Allah ne, ni kuma a bar ni da abincin tsofaffi?"

Ya kwashe su tas ya miƙa wa maƙwabcinmu, wani dattijo Bafulatani Musulmi, aminin Baba, wai ya zuba wa shanu. Gonar nan kaf ya cika ta da masara. Tana tasowa ya fara tafiya yana buɗe kafaɗu, har da koya wa mutane noma a bakin majami'a. Manomin zamani ke nan! Masara na fara goyo ruwa ya ɗauke. Dawar mutane ta nannaɗe ganye ta jira, tasa kuwa ta bushe a tsaye. Rumbu wayam, ga yara cike da gida, ga irin Baba ya tafi. Wallahi na yi kuka, don haushi da tausayin yaran nan.

Ranar Lahadin godiyar kaka ta zo. Al'adarmu, kowane gida yakan fito da waƙa da rawa, ya kai abin da gona ta ba shi gaban majami'a. Na biya gidan yayana da safe, na tarar da shi zaune da tsohuwar riga. Wai ba zai je ba.

"Godiyar me zan yi?" in ji shi. Yana faɗin haka, 'ya'yansa lafiyayyu na tsalle a gabansa, matarsa na ɗora kunun da ta samo daga gidansu.

Sai muka ji sallama. Dattijon nan ne da keken shanu shaƙe da dammunan dawa. Bayan an gaisa, an tambayi iyali da dabbobi, ya ce, "Ɗana, hannuna ya kasa zuba wa shanu irin mahaifinka. Na ci tuwonta a gidan nan ba sau ɗaya ba. Shukawa na yi, Allah kuma ya yi albarka. Ga rabon yara, ga na iri."

Na zaci yayana zai durƙusa ya yi godiya. Ina! Da ƙyar matarsa ta ɗora masa dami ɗaya a ka, muka tasa shi gaba zuwa sujada. Mata na waƙa, ana buga tulu, ɗan kawun nan na Gammo ma ya zo da buhunsa. Yayana ya sauke damin a gaba, ya tsaya yana shafa zangarnun. Na ce a raina, yau dai Ruhu Mai Tsarki ya taɓa shi. Sai na ji ya raɗa wa matarsa, "Kin ga girman zangarniya? Mu me ya sa ba ma samun irin wannan?"

Matar nan mai haƙuri ce, amma ranar ba ta yi raɗa ba. Ta ce, "Maigida, dawarka ce. Da ita ka girma. Sai da ta kwana a gonar wani sannan ka ga kyanta."

Har masu waƙa sai da suka sarara. Ya sunkuyar da kai, bai ɗago ba har aka tashi.

Tun daga ranar na gane cewa marar godiya ba rashi ke damunsa ba, abin da ke hannunsa ne ba ya gani. Shi ya sa in na durƙusa, nawa nake lissafa wa Yesu in gode, kafin ya kai shi gonar wani in koma ina sha'awarsa daga bakin shinge.