Inda Farar Ƙasa Ta Ƙare

Ni ce 'yar fari a wurin Innata, don haka tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" take ce mini, in kuma akwai mutane, "yarinyar nan". A Kekun Waje, inda aka haife ni, wannan ba abin mamaki ba ne. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban jama'a, balle ta yabe shi. Kunya ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Sai dai Allah ya yi ni da son a ce na yi ƙoƙari, kuma har yau ban warke daga wannan ciwon ba.

Ina aji huɗu na firamare, wata rana muna ɓarar gyaɗar iri a tsakar gida, na gaji da aikin na shiga wasa da ƙwayoyin. Na ajiye ɗaya, na kewaye ta da uku, sai na ga sun zama layi biyu, kowane da ƙwaya biyu. Na ƙara biyar, suka zama uku sau uku. Na ƙara bakwai, huɗu sau huɗu. Murna ta kama ni, kamar na tsinci abin da wani ya ɓoye. Littafin makaranta kuwa ba a taɓa shi sai malam ya ce a rubuta, saboda haka na zari gawayi a murhu, na shige ɗakin Inna, na zana ɗigo-ɗigon da lambobinsu a bango, daga daidai gwiwata har inda hannuna ya iya kaiwa.

Da Inna ta shigo ta gani, ba ta tambayi mene ne ba. Ta ce na ɓata mata ɗaki, ta ce hannuna ba ya zama wuri ɗaya, ta kora ni in ƙarasa gyaɗar. Ana gobe jajiberen Sallah aka aike ni gidan kakata. Da na dawo da yamma na tarar ta shafe ɗakin da farar ƙasa, ya yi fes yana ƙamshin laima. Ta rataya wani tsohon zane a bangon, ta jera kwallayenta a gabansa. Babu yaron da yake taɓa jeren Inna. Na ce shi ke nan, lissafina ya tafi, na yi fushin kwana biyu wanda ba wanda ya lura da shi.

Shekara ta kewayo, hedimasta ya zaɓi mu uku ya kai mu Bungudu mu zauna wata jarrabawa. An buɗe aji na musamman a Gusau domin yara masu hazaƙa daga ƙauyuka, ana zuwa kowace Asabar. An ce akwai ɗakin littattafai, akwai kayan gwajin kimiyya, har da kwamfuta. Cikin mu ukun ni kaɗai na ci. Amma waɗanda suka ci daga sauran garuruwa sun fi kujerun yawa, ga shi kuma yaran da aka ɗauka kafin mu da yawa sun daina zuwa, saboda iyaye sun riƙe su a gona ko talla. Sai aka ce wannan karon za a bi gida-gida. Yaron da iyayensa ba su damu ba, a ba wani kujerarsa.

Tun daga ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba. Ban taɓa son wani abu kamar yadda na so kujerar nan ba.

Ranar da aka zo gidanmu damina ta zauna sosai, Baba yana gona wajen maimai. Hedimasta ya rako baƙuwar, amma shi namiji ne, ya tsaya a zaure. Ita kaɗai ta shigo: wata malama 'yar bautar ƙasa daga kudu, doguwa, da kakinta da takalmi mai igiya, riƙe da takarda a jikin allo. Ta iya Hausa ba laifi, a kasuwar Gusau ta koya. Tana jin duk abin da aka faɗa mata, amma ba ta jin abin da aka ƙi faɗa.

Inna ta shimfiɗa mata tabarma a gindin darbejiya, ta dama fura, aka gaisa. Ni ina tsugune kusa da turmi, na yi wanka na shafa mai tun safe.

"Mama," in ji Malamar, "mene ne sunan 'yarki?"

Inna ta juya ta dubi kaji. Sai ni na faɗi sunan da kaina. Malamar ta dube ni, ta dubi Inna, ta rubuta wani abu.

"Tana da ƙoƙari?"

"Wagga?" Inna ta ce, ba ta ko kalli inda nake ba. "Mi tas sani, in ba ci da gardama ba?"

"Ba ki taɓa ganin ta yi wani abu da ya ba ki mamaki ba?"

"Ni ban ga komi ba, Malama. Ɓarna dai."

"To kina son ta riƙa zuwa Gusau?"

"In kun kwashe ta, mu huta da surutu."

A garinmu duk wanda ya ji wannan ya san uwa ce take kare 'yarta daga bakin mutane, take kuma kare kanta daga a ce ba ta da kunya. Da wata tsohuwa ce ta zo tambayar, da dariya za ta yi ta ce yarinyar ta yi sa'ar uwa. Amma baƙuwarmu ba tsohuwar garinmu ba ce. Fuskarta ta canja. Daga inda nake ina hango takardar, kuma Turancina ya kai in karanta layin da ta sa wa alama: iyaye ba su nuna sha'awa ba.

Wallahi a lokacin na ji haushin Inna irin wanda ban taɓa ji ba. Na so in miƙe in ce ƙarya take yi. Amma yaya yarinya za ta ƙaryata uwarta a gaban baƙuwa? Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan ƙafata da na ɓata lokaci ina goge wa kaushi.

Malamar ta miƙe za ta yi sallama ke nan sai hadarin da ya haɗu ta gabas ya sako. Ruwa ne mai iska, irin wanda ba ya jiran a kwashe shanya. Inna ta kama hannun baƙuwar ta ja ta ɗaki, ni ma na bi su da tabarma. Iska ta riƙa watso ruwa ta 'yar tagar ɗakin, yana sauka kan gado. Inna ta waiga neman abin toshewa, cikin gaggawa ta miƙa hannu ta saman kwallayenta, ta fizgo tsohon zanen nan ta cusa a tagar.

Sai ga lissafina.

Yana nan yadda na bar shi, ɗigo-ɗigon gawayi da lambobi a kan jar ƙasar bango. Sama da shi fari ne, ƙasa da shi fari, dama da hagu duk fari. Ana ganin sawun tsumman shafe yadda ya zo daf da lamba ta ƙarshe, ya lanƙwasa a hankali, ya kewaye ta. Ko ɗigo ɗaya farar ƙasar ba ta taɓa ba, kuma Sallah nawa aka yi tun daga lokacin.

Malamar ta matsa kusa ta ce in yi mata bayani. Na yi mata. Ta ce in aka ci gaba da ƙarawa har sau ashirin, ƙwaya nawa za a samu? Na ce ɗari huɗu. Ta gyaɗa kai, amma na lura ba lambobin take kallo ba, gefensu take bi da yatsa.

"Mama, wa ya shafe ɗakin nan?"

"Ni ce."

"Me ya sa kika bar nan wurin?"

Inna ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, ta dubi ƙofa kamar mai duba ko ruwan ya tsagaita. "Hwarar ƙasar ce ta ƙare mani," ta ce.

A tsakiyar bango! Malamar ta dube ta, ta dubi bangon. Daga nan ta zauna a bakin gado, ta ɗora allon a cinya, ta soke alamar da ta yi, ta sa wata a layin sama. Da ruwa ya ɗauke muka fita zaure, ta ba hedimasta labari, ya yi ta dariya har da riƙe ciki, ya ce laifinsa ne da bai gaya mata ni 'yar fari ce ba.

Shekara biyu na yi ina zuwa ajin nan. Baba ya goya ni a keke zuwa bakin titi, in shiga motar Gusau. Kafin in tashi Inna ta riga ta ɗumama tuwo, ta ƙulle mini ƙuli-ƙuli a leda, tana faɗan cewa na cika nawa. A can na fara ganin fatar albasa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɗaki-ɗaki kamar an gina. A can ne kuma na haɗu da malamin da bai damu da amsa ba sai ka nuna masa hanyar da ka bi. Na iske wata yarinya daga Karakkai da ta fi ni lissafi nesa ba kusa ba, na yi mako uku ba na gaishe ta, daga baya muka zama aminai. Abin da na gano da gyaɗa ashe mutane sun san shi tun kafin a haifi kakan kakana. Na ɗan ji kunya, amma malamin ya ce wanda ya gano da kansa, nasa ne. Ban taɓa fashi ba ko sau ɗaya, ko da a lokacin girbi da ake neman kowane hannu a gona.

Yanzu ina koyar da lissafi a Tsafe, ina da aikina da iyalina, alhamdu lillahi. Wani lokaci ni ake aikawa gidajen yaran da aka zaɓa. In uwa ta ce mini ɗanta sakarai ne, ba na rubuta komai. Sai in sha furata, in tambaya ko shi ne babba, sannan in nemi ta shigar da ni ɗaki mu gaisa sosai.

Inna ta tsufa, gwiwa ta hana ta aikin tsaye. Sau biyu ina cewa a yi wa ɗakinta siminti, tana cewa siminti zafi gare shi. Har yau ba ta kira sunana ba, ba ta kuma taɓa ce mini na yi ƙoƙari ba. Jajiberen Sallar da ta wuce na je gida, na jiƙa farar ƙasa a bokiti, na ce ta zauna ni zan shafe mata. Ta zauna a bakin gado tana ba da umarni, nan bai ji ba, can na yi kauri. Na kwashe kwallaye, na sauke zanen. Gawayin ya dusashe, sai ka matsa kake gane lambobin. Na ce a raina ai ya yi aikinsa, na tsoma tsumma na ɗaga hannu.

"Ke," in ji Inna. "Hwarar ƙasar ta ƙare."

Na dubi bokitin, ko rabi ban ci ba.

"Ta ƙare, Inna," na ce. Na kewaye wurin a hankali, na mayar da zanen.