Jan San Baffa Inusa

Duk wanda ya tashi a Kona zamanin soja ya san Baffa Inusa, ƙanin mahaifina. Gajere ne, ga faɗa kamar zakara, kuma ban taɓa ganin mai son shanu irinsa ba. Yakan sayo ramammun bijimai a kasuwar Tasawa, da rana su bi daji su yi kiwo, da marece su dawo turke ya ƙara musu dusar gero da harawa da ɗan jiƙon kanwa. Kafin kaka sai ka ga wuya ya cika, mahauta suna zarya.

Bai taɓa cika musu ƙwarya ba. Yakan ce cikin sa ba rumbu ba ne, abin da bai saba da shi ba sai a sa masa kaɗan-kaɗan. Da safe ya tsuguna yana tona kashinsu da kara, ya gane ko abinci ya narke. Mutane suna masa ba'a, wai malamai na duba ƙasa, Inusa na duba kashi. Matarsa Fatsuma kuwa cewa take, da za ta iya tuƙa irin ta shanu, da ita ma ta samu wanda zai zauna ya kalle ta. Ina kewar marecen nan, shanu kwance suna tuƙa, shi yana gefe bakinsa na motsi tare da nasu.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Daji ya koma fili, shanu suka dinga faɗuwa. Baffa ya rasa na rasawa, ya sayar da na sayarwa, ya rage da jan sa guda, wanda ya rantse ba zai bar wa ungulu ba. Ya hau gawo yana kakkaɓo masa ƴaƴa. Da gawo ya ƙare, ya yaye jinkar ɗakinsa, ya daddatsa tsohuwar ciyawar, ya yayyafa ruwan kanwa ya ba shi. San ya zama fata da ƙashi, amma yana tsaye, yana tuƙa.

Gab da damina kamiyon soja, wato babbar mota, ya kawo dusar alkama ta agaji, Baffa ya samu buhu. Ya auna ɗan kaɗan kamar yadda ya saba. San ya lashe, ya ɗago kai yana kallonsa. Baffa ya sake ɗaukar ƙwarya. Ya ƙara. Ya sake ƙarawa, har ya jawo babban daro ya juye. Shi da ya shekara ashirin yana zagin masu yin haka.

Washegari san ya ƙi kwanciya, ya daina tuƙa, gefensa na hagu ya kumbura ya yi tauri kamar ganga. Aka ɗura masa kanwa, aka ɗura man gyaɗa. Maƙwabcinmu Filibus ya zira hannu a bakin saniyarsa ya ciro abin da take tuƙawa, aka dama aka ba san ko cikin zai farka. Bai farka ba. Da la'asar ya durƙusa, aka yi maza aka sa wuƙa kada ya tafi mushe.

Ranar nan unguwarmu ta ci nama bayan dogon rashi, har yara suna murna. Fatsuma ta kai wa Baffa nasa a bakin turke, ta ce ya ci, haka Allah ya so.

Ya tura akushin gefe. "Yunwa hwa ta bar mani shi, Hwatsuma," in ji shi. "Ni dai na kasa ce mishi a'a."