Yawun Baba da Sa Hannun Shugaba

A falonmu na Doka ba a ba baƙo ruwa sai ya ga wasiƙar. Tana cikin gilashi a saman talabijin. Lokacin Baba yana aiki a sakatariya ne ya rubuta wa wani tsohon shugaban ƙasa doguwar takarda a kan yadda 'yan siyasa ke ɗaukar matasa bangar zaɓe. Ba wanda ya zaci za a amsa, sai ga amsa ta gidan waya: 'yan layukan godiya da Turanci, a ƙasa kuma sa hannu da shuɗiyar tawada, mai doguwar wutsiya kamar ta ɓera. Tun daga ranar Baba ya koma kiran mutumin abokinsa.

Mu 'ya'yan gidan mun haddace ta tas. Inna kuwa ta sha faɗa cewa da za a bar ta, agogo za ta rataya a wurin.

Wanda ya fi kowa shan karatunta shi ne maƙwabcinmu, wani Bakano da ya ajiye tuƙin tirela. Baba Bazazzagi ne, don haka tsiya ba ta ƙarewa tsakaninsu. A kan wasiƙar ce kawai Bakanon bai taɓa samun abin faɗa ba.

Ƙanena ne ya ba shi abin faɗar. Ya gani a waya cewa a ƙasashen waje akwai masu tara irin waɗannan wasiƙu, amma sai sun tantance, domin manya da yawa ba sa taɓa alƙalami, inji ne ke buga sa hannun tare da rubutun. A gaban Bakanon ya faɗa, sakarai. Mutumin ya gyara zama yana murmushi.

"Ashe inji ne abokin naka, Alhaji?"

Kafin mako ya zagayo maganar ta kai ƙofar masallaci. A waje Baba dariya yake yi, a gida kuwa ya rage cin tuwo. Aka yi baƙi daga Zariya, suka sha ruwa suka tafi, bai nuna musu komai ba. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Duk alfaharinsa shi ne wani babba ya taɓa zama ya karanta abin da ya rubuta, ga shi ana neman raba shi da wannan.

Wata Juma'a bayan la'asar Baba ya sauko da wasiƙar, ya aika aka kira Bakanon, ya cire gilashin. Ya ce tawadar alƙalami tana narkewa in ta ji danshi, ta inji kuwa ko gezau. Na roƙe shi ya bari, na ce ɓata ta zai yi.

"In ta inji ce, ba abin da zai same ta," in ji shi. "In ta hannu ce, ai na sani."

Ya lashi babban yatsansa, ya danna a kan sa hannun, ya ɗan murza. Da ya ɗaga, yatsan ya yi shuɗi. Sa hannun ya dame, wutsiyar kaɗai ta tsira.

Ban taɓa ganin mutum ya lalata kayansa yana murna haka ba. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana nuna yatsan, har Inna a kicin. Bakanon ya duba, ya girgiza kai, ya ce Bazazzagi ne kawai zai ci zaɓe sannan ya fasa akwatin da hannunsa. Baba bai wanke yatsan nan ba sai da alwalar magariba ta tilasta masa.

Bayan rasuwarsa, da muke raba kayan falo, ƙanena ya ce masu tarawa ko kallonta ba za su yi ba yanzu. Na ce to a bar mini. Tana bangon ɗakina a Katabu. Sunan shugaban ba ya karantuwa, amma in ka matso kusa, zanen yatsan Baba ya fito sarai, har da tabon da wuƙar layya ta yi masa.