Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Salamu alaikum. Na daɗe ban ce uffan a nan ba. Masu turo saƙo suna tambayar ko na sauka lafiya, ga amsarku yau.

Ban haihu ba. Dama babu cikin.

Tun ina gidanmu a Fagge ni mai jiki ce. Da na yi aure abin ya ƙaru, don maigidana lemo da biskit yake sayarwa a kasuwar Singa, duk katan ɗin da ya fashe gida yake zuwa. Aka yi ta cewa aure ya karɓe ni.

Shekaru suka ja babu haihuwa, sai al'adata ta ɗauke. Gwajin fitsari bai nuna komai ba. Inna, mahaifiyata, ta shafa cikina ta ce, "Kwanciya ya yi, 'yar nan. Ki ci da kyau, zai tashi."

Wallahi na so in yarda, kuma na yarda. Na duƙufa kan dabino da zuma da madara, ga fura mai sukari. Tumbi yana girma, muna ta murna.

Sai ƙishirwa da yawan fitsari, wuyana ya yi baƙi kamar ba na wanka. Ranar da jiri ya kayar da ni a tsakar gida aka kai ni wani asibiti a Sabon Gari.

Aka ɗebi jini, aka yi hoton ciki, kuɗin gwaji ya girgiza mu. Likitar ta ce, "Hajiya, babu komai a mahaifarki. Ƙwai ne ba ya fita, kuma ƙiba tana ƙara tsananta hakan. Sukarinki ma ya hau sosai."

Inna ta ce, "To abin da ke motsi fa?"

"Hanji ne, Mama."

Wadda ta yi ɓari ana zuwa yi mata jaje. Ni ba wanda ya san me zai ce min. Na yi kukan ɗan da na riga na zaɓa wa suna, alhali bai taɓa samuwa ba.

Aka ɗora ni kan magani. Na bar lemo, tuwo ya koma ɗan kaɗan, sai wake da zogale, da tafiya da sassafe. Yunwa ta mayar da ni masifaffiya, maigidana ya sha faɗa. Da na fara ramewa maƙwabta suka ce cikin ne ya zube. Na ƙyale su.

Sukari ya sauka, al'ada ta dawo. Na gode wa Allah, da likitar da ba ta ɓoye min gaskiya ba, da Inna da har yau take neman yafiyata.

'Yar uwa, in al'adarki ta ɗauke, je ki a yi miki hoton ciki, a duba sukarinki kafin ki sa zuma a baki.

Har yanzu shiru, likita kuma ba ta yi min alƙawari ba. Sauran masu neman haihuwa kuka suke yi in sun ga jinin al'ada. Ni hamdala nake yi.