Kwanukan Malam Habu

Ina lambu ina jan jigo, Ɗanladi maƙwabcina ya tsaya a kaina ya ce, "Sai haƙuri, Malam Habu ya cika." Na ce wane Malam Habun? Shekaranjiya fa muka yi la'asar tare a Ringim, yana yi mini tsiya wai har yau ban iya dashe ba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Zazzaɓi ne ya rufe shi, kafin a ankara rai ya yi halinsa.

Malamin gona ne, a hannunsa na koyi noman tumatir tun Turawa ba su daɗe da kawo irin ba. Bana wata cuta ta faɗa wa lambunanmu, waɗanda da su muke ci da rani. Ganye ya yi ɗigo-ɗigo baƙi, ya koma rawaya, ya bushe. Wasu suka ce baki ne, wasu suka ce raɓa. Shi kuwa ya ce fumfuna ce, irin ta kwantaccen tuwo. Kullum maganarsa, "Ba na ba da magani sai na san mai laifi."

Yakan yanki ganyen ya ɗora a kan dafaffen dankali, ya rufe a kwano. In fumfuna ta tsiro iri-iri, ya ɗebi kowace da tsinke ya ware mata kwanonta. Zaurensa ya cika da kwanuka, ga wari, ko a jikinsa. Daga ɗaya ya shafa wa lafiyayyen dashe a bayan gida, ya ce mini, "In ya kamu, mun kama ta."

Ranar sadakar uku mata suka nemi kwanukan rabon abinci. Suka ga nasa, suka zaci abinci ne ya lalace, suka wanke su tas. Ban ga laifinsu ba, amma da na ga kwanukan a kife a rana, na zaga bayan gida don kada a ga hawayena, sai ga dashen nan duk ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. Maganarsa ta tabbata, bai gani ba, kuma ba wanda ya san daga wane kwano ya ɗebo.

Na roƙi maiɗakinsa, Inna Tabawa, ta ba ni kwanukan, ta ba ni tana kuka. Allah ya jiƙan Malam, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya ba Inna da yaran dangana, ni kuma ya ba ni haƙurin sake farowa daga ganyen farko.